Samfurin niyuron mai fitila na Sabon Gari, a siya ko kar a siya?

Salam malaman bayoloji. Samfurin niyuron (ƙwayar halittar jijiya mai kai saƙo) ɗin nan na roba mai ƙananan fitilu da ake sayarwa a shagunan kayan lab na Sabon Gari, na siyo wa 'yan SS3 ɗina, to ga yadda na same shi.

Batir yake ci, ba ruwanka da wutar NEPA. In ka taɓa maɓallin a hankali ba abin da zai kunnu, sai ka danna sosai fitilun su bi akson (doguwar jelar niyuron da saƙo ke bi) a guje, kuma wlh nan ya burge ni don haka abin yake a ƙwaƙwalwa. Niyuron in yana hutawa ƙarfin lantarkin cikinsa wajen -70 milibolt ne, saƙonni na ta shigowa ta rassansa suna taruwa a gindin akson, sai sun kai shi wajen -55 sannan ƙofofin sodiyum da ke jikinsa su buɗe, sinadarin sodiyum ɗin ya kwararo ciki har a haura kusan +30, fotasiyum kuma ya fita ya dawo da shi ƙasa. Ko ya tashi gaba ɗaya ko bai tashi ba sam, babu rabi da rabi.

Rigar mayelin ɗin, wato rufin kitse da ke naɗe da akson, ruwan ɗorawa ce, ana cirewa a mayar. In rigar na nan, fitila a giɓoɓin Ranbiya (wuraren da rigar ba ta rufe ba) kawai take kamawa tana tsalle, in ka cire sai ta koma jan jiki. Da na faɗa musu gudun saƙo a akson mai mayelin kan kai mita 120 a daƙiƙa, marar shi kuma wajen mita 1, har na bayan aji sun yi shiru.

Matsalarsa fa, babu inda ya nuna sodiyum da fotasiyum ɗin, yara sai su ɗauka lantarki ne ke bin waya, alhali kowane wuri a jikin akson shi ke tada na gabansa, wanda aka bari a baya kuma yana ɗan hutu shi ya sa saƙon ba ya komawa baya. Dole ka koma allo ka zana. Ni da allurar cire haƙori nake musu misali, ƙofofin sodiyum take toshewa sai zafin ya kasa isa ƙwaƙwalwa.

Robar ma ba ƙwari, reshe ɗaya ya riga ya tsage. Ku siya, amma ku je da batir a gwada a gabanku, kuma a yi ciniki sosai don kuɗin farko da za a faɗa muku ba na Allah da Annabi ba ne.