Shafin medRxiv a hannun malamin jinya a Damagaram

Ni malami ne a wata makarantar koyon aikin jinya a nan Damagaram, kuma tun daga shekarar 2020 nake amfani da shafin intanet da ake kira medRxiv, inda masu bincike a fannin lafiya suke ajiye sakamakon aikinsu domin kowa ya karanta tun kafin wata mujallar kimiyya ta tantance shi ta buga. An buɗe shafin ne a watan Yuni na 2019, da haɗin gwiwar cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor da jami'ar Yale, dukansu a Amurka, da kuma kamfanin da ke buga mujallar likitoci ta BMJ a Ingila. Ko shekara bai cika ba annobar korona ta sauka, sai ya zama wurin da likitocin duniya suke leƙawa safe da yamma.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne ba a neman ko dala a hannun mai karatu, ba a kuma tilasta masa yin rajista. Wanda ya taɓa neman wata maƙala a manyan mujallu, aka nuna masa taƙaitaccen bayani sannan aka ce sai ya biya kuɗin da ya kai cefanen gidansa na kwanaki kafin ya ga sauran, shi ne zai san girman wannan sauƙi.

Ranar da na tabbatar da amfanin shafin tana cikin watan Yuni na 2020, wata uku bayan an sami mutum na farko mai korona a Nijar. A ranar 16 ga watan, masu binciken RECOVERY na jami'ar Oxford, wato wani babban gwajin magungunan korona, suka sanar cewa maganin dexamethasone yana rage mace-macen masu cutar, amma sanarwa ce kawai ga ƴan jarida, babu cikakkun alƙaluma. Ba a yi mako guda ba suka ɗora rahoton a medRxiv. Na karanta shi a wayata da daddare, ina zaune a kan tabarma a tsakar gida bayan an ɗauke wuta, ina faɗaɗa jadawalin da yatsu biyu saboda ƙanƙantar rubutun. Marasa lafiya 2,104 ne aka ba maganin, miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma, aka gwada su da wasu 4,321 da ba a ba su ba. Mace-mace sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kusan ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba iskar oksijin. Amma jumlar da ta fi mini muhimmanci ita ce wadda labaran baki suka yar a hanya, wato maganin bai amfani wanda ba ya bukatar taimakon numfashi ba. A garin da ake sayar da wannan ƙwaya a kan tebur cikin kasuwa, wannan jumla ce na yi ta maimaita wa ɗalibai da ƴan uwa. Mujallar da ta buga aikin ba ta fito da shi ba sai a watan Yuli.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Ma'aikatan shafin suna duba rahoto kafin su ɗora shi, domin kauce wa satar rubutu da abin da zai cutar da jama'a, amma ba sa auna ingancin binciken, kuma su da kansu suna rubuta gargaɗi a kan kowane rahoto cewa ba a tantance shi ba, kada a dogara da shi wajen yi wa mara lafiya magani. Matsalar tana tasowa ne idan rahoton ya bar shafin. Wata ɗalibata ta taɓa kawo mini takardu da aka buga mata a wani shagon kwamfuta, ta ce, "Malam, ga shi masana sun tabbatar." Da na duba sai na ga daga tsakiya aka fara bugawa domin rage kuɗin takarda, babu sunan masu aikin, babu bayanin yadda suka zaɓo marasa lafiyar, kuma da muka koma shafin muka tarar marubutan sun riga sun ɗora gyararren rubutu. Nan ma shafin ya yi abin a yaba, domin yana ajiye tsohon rubutu da sabo, yana kuma nuna mujallar da ta buga aikin daga baya idan an buga.

Harshe ma shinge ne. Rahotannin da Turanci suke, mu kuwa da Faransanci muka yi karatu, saboda haka ƙamus ba ya nisa da ni.

Akwai kuma abin da bai kamata a nema a wurin ba. Lokacin da sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram a ƙarshen 2022, ba a medRxiv na sami adadin waɗanda suka kamu ba, domin ba wurin ƙidayar mako-mako ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Fabrairu 2023, wanda shi ma a buɗe yake ga kowa, shi ya nuna mutum 559 da suka kamu da 18 da suka rasu tsakanin 1 ga Nuwamba da 27 ga Janairu, yawancin waɗanda aka tabbatar kuma nau'in C na ƙwayar cutar ne ya kama su, sannan gundumar Dungas da ke kusa da iyakar Jigawa ta fi shan wahala.

Ina ba likita da malamin jinya da ɗalibin da ya iya karanta jadawali shawarar su riƙa shiga shafin. A ajina kuwa na kafa sharaɗi cewa duk wanda zai kawo rahoto daga medRxiv ya bugo shi tun daga shafin farko, ya kuma rubuta da biro a samansa ranar da aka ɗora shi da adadin mutanen da aka yi binciken a kansu.