Daren da Indiyawa ke shanya madara a farin wata

Yaya barka da warhaka, ya Hajiya da yara? Kin ce in riƙa ba ku labarin kayan Delhi, to ga na wannan satin.

Shekaranjiya mabiya addinin Hindu suka yi wani biki, Sharad Purnima suke ce masa, daren da wata ke cika a watansu na Ashwin, bayan damina ta ɗauke kenan, galibi cikin Oktoba. A imaninsu daren nan ne kaɗai wata ke fitowa da siffofinsa 16 cif, wai haskensa magani yake zubowa, shi ya sa kowane gida sai an dafa kheer, shinkafa ce da madara da suga, a hau da ita saman bene a rufe da rariya ko ƙyalle shara-shara saboda ƙwari da maguna ta kwana tana shan farin wata, da safe a rarraba. Wasu kuma ba sa runtsawa, sun ce Lakshmi abar bautarsu ta arziki tana zagayawa tana duba wa ke farke. Maƙwabciyata ta miƙo min kwano guda, na yi godiya na ce ta bar shi tunda an riga an kai gaban abin bautarsu, ita ma ba ta ji haushi ba, kowa da addininsa.

Ni dai abin da ya tsaya min a rai madarar ce wallahi. Ranar da duk unguwa ke neman abu ɗaya amma ba ta yanke ba, kuma ba wanda ya ƙara ko sisi saboda kuɗin a jikin leda yake a buge. Rabin lita ta Amul, wani kamfanin madara, rupi 30 da 'yan kai. A rumfunan kamfanin madara na Mother Dairy ma inji ne, ki je da kwanonki ki jefa ɗan kwabon da suka ba ki ta zubo da sanyinta. In kina jin ƙyuya ki taɓa waya ɗan mashin ya kawo har ƙofa kafin ruwan shayi ya tafasa. Tun 1970 suka kama tsarin nan, ƙauyawa masu saniya biyu uku da masu ɓauna suna kai wa ƙungiyarsu safe da yamma ana awo ana biyansu, yau duk duniya ba mai samar da madara kamar Indiya. Mu ga shanu har shanu amma madarar gari ta ƙasar waje muke damawa, abin da ciwo.

Kindirmonsu dai bai kama ƙafar na Fulaninmu ba, gaskiya ɗaya ce, ba maiƙo ba wannan ɗan tsamin.

Su masu duba kuwa a nan sana'a ce a fili, har manhaja gare su a waya, da minti ake biya. A 2023 da bikin ya haɗu da husufin wata su aka yi ta tambaya ko a shanya kheer ko a fasa, da ƙarfe nawa za a fito da ita. Allah ya tsare mana imaninmu.

In kin samu mai tahowa ki aiko min da garin fura da kuka da daddawa, gero akwai shi a nan amma ba wanda ya iya sarrafa shi irin namu. Ki gaishe min da Baba.