Kusan sati 16 na yi kafin in gama Couch to 5K, ga abin da na gani a manhajar

Tun da na sa hoton takalmin guduna a WhatsApp mutane ke ta tambayata wai wace manhaja nake amfani da ita, kuma da gaske ne mutum mai tumbi da ya haura shekara 40 zai iya gudun minti 30 bai tsaya ba. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunanta Couch to 5K, ta hukumar lafiya ce ta nan Ingila wato NHS, kyauta ce, ba ko kwabo, ba talla a ciki. Ma'anar sunan kawai a ɗauko ka daga kan kujerar falo a kai ka gudun kilomita 5. Asalin tsarin wani Ba'amurke ne Josh Clark ya ƙirƙiro shi a 1996, mahaifiyarsa yake so ya taimaka wa ta fara gudu tana da shekara hamsin da wani abu, daga baya NHS suka ɗauka suka yi masa manhaja.

Ni abin da ya kai ni, likita ce ta auna ni ta ce hawan jinina ya fara taɓawa, ga aikin dare da nake yi a Manchester, in na dawo sai barci, in na tashi sai shinkafa da miya da shayi mai suga cokali uku. Rabona da gudu tun ƙwallon layi a Kano.

Tsarin sati 9 ne, gudu uku a sati, kuma dole ka bar ranar hutu a tsakani. Kullum da tafiyar sauri ta minti 5 ake buɗewa, da tafiyar minti 5 ake rufewa. Satin farko gudun sakan 60 ne sai tafiya sakan 90, haka za ka yi ta maimaitawa har minti 20. Za ka sa iyafis a kunne, ka zaɓi muryar wanda zai riƙa yi maka magana, shi zai ce maka fara, shi zai ce tsaya, ba ruwanka da kallon agogo. Ni muryar Laura na zaɓa saboda tana magana a natse ina gane Turancinta. In an kai rabi akwai wata 'yar ƙararrawa da take kaɗawa don ka juya ka nufo gida, wannan ƙaramin abu ne amma wallahi ya yi min amfani sosai, don a satin farko ni ƙararrawar nan kawai nake jira. Kuma za ka iya kunna karatunka ko waƙarka a ƙasa, muryar ta shigo ta faɗi abin da za ta faɗa ta fita.

Yanzu ga inda nake so mutane su saurara da kyau, don shi ne dalilin rubutun nan gaba ɗaya.

Ranar farko a Platt Fields Park da aka ce min fara, sai na zuba da gudu irin na wanda zai tare ƙwallo, don a kaina gudu kenan, ban san wani iri ba. Sakan 60 ɗin farko lafiya lau, na biyu ma haka, kafin na biyar ƙirjina kamar an zuba barkono, ina haki, yawu ya kafe, na dafa wani benci kusa da tafkin nan ina kallon agwagi ina tunanin anya wannan abin nawa ne. Na dai lallaɓa na gama. Haka na yi sati na 1 da na 2, shi kuma na 2 sakan 90 ne gudu, minti 2 tafiya. Ina shiga na 3, inda ake fara gudun minti 3 a jere, sai ƙwaurina na dama ya fara ciwo, irin ciwon da ko matakalar bene za ka sauka sai ka ji shi. Laifina ne, domin muryar nan ta sha faɗa min in rage sauri, ni ne dai nake jin kunya a ga ƙato yana gudu kamar mai tafiya.

Wani dattijo ɗan Katsina da muke sallah masallaci ɗaya, ya fi shekara 30 a ƙasar nan kuma har yanzu yana fita gudu, shi ya gan ni ina ɗingishi bayan Juma'a. Da na ba shi labari sai ya ce, "Malam, ba gudu aka ce ka yi ba, sassarfa aka ce. In ba za ka iya magana kana yi ba to ka yi sauri da yawa." Na ce, "Baba, ai in na rage fiye da haka tafiya ce." Ya ce, "To yi tafiyar, amma ƙafa tana ɗagawa."

Na huta kwana 10 har ciwon ya tafi, na koma sati na 2 na sake shi daga farko. Dabarar da na samo wa kaina ita ce ina sassarfa ina karanta azkar ɗin safe a bayyane, a hankali dai yadda ni kaɗai nake ji, in na ga ba zan iya kai ƙarshen jimla ba sai na ja numfashi a tsakiya, to na san na wuce gona da iri, sai in rage. Wata rana wata tsohuwa da karenta suna tafiyar sauri suka yi kusan daidai da ni, na dake ban ƙara sauri ba. Ranar ce karo na farko da na gama ban ji kamar zan faɗi ba, na iso gida har da sauran ƙarfi.

Dalilin kuwa a fili yake in ka tsaya ka yi tunani. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji numfashinka ya daidaita, amma ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi sun fi jinkiri, su sai a hankali suke ƙarfi. Shi ya sa mutum zai ji kamar zai iya ƙarawa alhali ƙafarsa ba ta shirya ba, kuma shi ya sa ranar hutun nan ba ado ba ce, a ranar ne jiki yake gyara abin da gudun ya taɓa. Na san wani abokin aikina da ya ce shi zai haɗe sati 9 a wata ɗaya yana fita kullum, gwiwa ce ta zaunar da shi.

Sati na 4 ya ba ni wuya fiye da yadda na zata, minti 3, minti 5, minti 3, minti 5, jimilla minti 16 na gudu, daga minti 9 na satin baya, kusan ninki kenan. Sau biyu na yi shi. Manhajar ba ta hana ka maimaitawa, ka koma kan wanda kake so ka danna kawai, kuma wannan yana cikin abin da ya fi burge ni da ita.

Sai sati na 5, wanda duk wanda ya yi tsarin nan ya san shi. Gudu na farko minti 5 sau uku, na biyu minti 8 sau biyu da tafiyar minti 5 a tsakani, na uku kuma minti 20 cur ba tafiya ko ɗaya. Da na gani a waya daren ranar sai da gabana ya faɗi, daga 8 zuwa 20 fa. A ra'ayina nan ne tsarin ya fi tsalle, kuma da ni ne da na sa wani mataki a tsakiya, ko minti 12 ko 15. Gwajin farko a minti 13 na tsaya. Na dawo gida raina a ɓace, uwargida ta ce, "Abban yara, wata biyu da suka wuce minti ɗaya kake yi, yau 13 ka yi kake ɓata rai?" Bayan kwana biyu na koma, na fara a hankali fiye da kowace rana, da gangan, minti 5 na farko kamar ina jan ƙafa, ana yayyafi, hannuna ya yi sanyi ƙalau. Da ƙararrawar rabi ta kaɗa na ji ashe numfashina yana nan daidai. Da muryar ta ce saura minti ɗaya sai da hawaye ya zo min, ban ɓoye ba, Alhamdulillahi kawai nake ta faɗa har ƙofar fita.

Daga nan abin ya sauƙaƙa. Sati na 6 yana dawo da 'yar tafiya a gudu biyu na farko sannan ya rufe da minti 25, na 7 minti 25 ne duka ukun, na 8 minti 28, na 9 minti 30. Azumi ya same ni a na 7, na ajiye na sati biyu, da na dawo ban ci gaba daga inda na tsaya ba, na koma na 6, ina fita saura kamar minti 40 a sha ruwa. Lissafin hutun ciwo da maimaici da azumi shi ya kai ni kusan sati 16.

Abu ɗaya da ya kamata a faɗa wa mutane tun farko: tsarin minti yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Kafin ka yi kilomita 5 a minti 30 sai kana cin kowace kilomita a minti 6, wannan kuwa ba saurin sabon shiga ba ne. Ranar da na gama na auna da Strava, wata manhajar auna nisan gudu, kilomita 3.8 na yi. Na ɗan ji wani iri, sunan ya sa min rai da biyar. Kar wannan ya sa ka ƙara sauri a satin ƙarshe don ka cike, nan ne ake jin ciwo. Ni sai bayan wata ɗaya na cika biyar ɗin, a parkrun, wato gudun jama'a na kilomita 5 da ake yi kyauta duk Asabar ƙarfe 9 na safe a wannan filin na Platt Fields, na yi ta a minti 41, kuma akwai mutane da yawa a bayana, wasu ma tafiya suka yi har ƙarshe aka tafa musu.

Turanci kawai manhajar take yi, wannan zai hana wasu iyayenmu, kodayake fara da tsaya ne kawai ake buƙatar ganewa. Ƙanena da ke Kano da na ba shi labari bai ma sauke komai ba, na rubuta masa mintocin kowane sati a saƙo, yana amfani da agogon wayarsa, yana fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, da kambas ɗin gwanjo da ya saya a Kofar Wambai. Abin da nake ta nanata masa a waya kullum shi ne ya rage sauri, don na san halinsa irin nawa ne. Mai hawan jini ko suga ko ciwon zuciya kuma don Allah ya fara ganin likita kafin ya soma, ni ma sai da tawa ta ce in je sannan na fita.

In maki ne zan ba ta 9 cikin 10, ɗayan na riƙe shi saboda tsallen sati na 5 da kuma sunan da yake sa wa mutum rai da kilomita. Ƙanen nawa yanzu yana sati na 4 karo na biyu, jiya ya turo min saƙo wai minti 5 ɗin ƙarshe ya yi shi yana waya da Hajiya kuma ba ta gane gudu yake ba.