BMW i7 na gwada, ga yadda na ganta kusa da EQS da Lucid Air

Jama'a makon jiya na samu na hau motar lantarki BMW i7 a nan Jidda, kuma gaskiya kujerar bayanta ta tafi da ni. Kana taɓa ɗan allon da ke jikin ƙofa sai wata talabijin mai inci 31 ta sauko daga rufi, labulayen gilas su rufe da kansu, ga shiru kamar ba a kan titi kake ba, ko ƙarar taya da ƙyar kake ji.

Mercedes EQS ta riga ta fitowa, tun 2021, i7 kuma 2022. Ita EQS gaba ta fi ba ƙarfi, allon nan nata Hyperscreen inci 56 ne daga wannan gefe zuwa wancan, amma rufinta ya gangaro ta baya saboda iska, dogon mutum da hula zai fi sakewa a i7, ni dai siffar EQS ma bata kwanta min ba.

Inda i7 ta sha kaye shi ne nisan zango. Batirinta wajen kWh 101 ne (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), amma Lucid Air Grand Touring ta haura mil 500 a caji ɗaya a gwajin Amurka, wanda ke yawan zirga-zirga tsakanin Jidda da Madina da esi a kunne cikin wannan zafin dole ya duba wannan, balle tun 2023 ake haɗa Lucid a nan Saudiyya.

In da direba ne i7 zan ɗauka wallahi. In ni zan riƙe sitiyari, Lucid.