Samfurin shafi na ƙaramin shago: ra'ayina kan Astra

Jama'a masu ƙaramar sana'a da ke son buɗe shafin intanet, ku saurara. Ni aikina haɗa wa 'yan kasuwa shafi a nan Kumasi, galibi masu turare da atamfa da jallabiya na unguwannin Aboabo da Asawase, kuma wallahi samun samfuri, wato tsarin fuskar shafi, mai kyau wanda aka riga aka haɗa na WordPress, manhajar da ake gina shafin da ita, ba ƙaramin aiki ba ne.

Yawancin na sayarwar don shagunan Turai da Amurka aka yi su. Za ka ga hoton talla kamar ka sa hannu ka ɗauka, ka biya da dala, kana ɗorawa sai abu ya yi nauyi, hotuna na ta juyawa a sama, data na ƙonewa, mai saye kuma da waya yake shigowa, ba zai zauna jira ba, fita zai yi. Akwai wani samfuri da na saya wa wata Hajiya mai turaren wuta, sunan kayanta ma bai iya nunawa daidai ba, duk inda ƙ ko ɗ ya fito sai ka ga ɗan akwati a wurin, haka ɛ da ɔ na harshen Twi. Ta kira ni ta ce ɗana me ya sami rubutun? Raina ya ɓaci sosai, don kuɗinta ne na halak.

Yanzu samfurin Astra na kyauta nake ɗorawa tare da WooCommerce, ƙarin manhajar da ke mai da shafi shagon saye da sayarwa. Ba shi da nauyi, yana buɗewa da sauri ko sabis ya yi rauni, yana zama daidai a fuskar waya, kuma za ka iya canza salon rubutun ka zaɓi Noto Sans mai ɗauke da haruffanmu. Farashi a sidi, kuɗin Ghana, yake fitowa in ka saita. Biyan MoMo kuwa, wato biyan kuɗi ta waya, ba aikin samfuri ba ne, Paystack, manhajar karɓar kuɗi ta intanet, ake haɗawa daban.

Inda Astra ya gaza, fuskarsa fayau take, sai ka zauna ka yi mata ado da kanka, wasu abubuwan kuma sai ka sayi na kuɗi. Maɓallin WhatsApp ma sai ka ƙaro shi, alhali nan ne mutanenmu ke ciniki, sai sun taya kafin su saya. Gurbin adireshi shi ma na gyara shi, na sa wurin lambar GhanaPost GPS, wato lambar adireshin zamani ta Ghana, da kwatance, kamar bayan masallacin Juma'a, don da shi mai okada yake gane gida.