Na gwada maƙalar bindiga ta wata biyu, na koma wa kube

Ina aikin dare a wani gidan mai a Houston, jihar Texas, kuma shekara uku ke nan ina ɗauke da ƙaramar bindiga a ɓoye. Tun 1 ga Satumban 2021 jihar ta daina tilasta wa wanda ya cancanta neman lasisi, amma ni sai da na shiga aji na karɓi nawa. A Najeriya wannan magana ma ba ta taso ba. Ina rubutu ne don 'yan'uwa mazauna Amurka da doka ta ba su dama.

Abin da na saya a madadin kube ɗan siririn ƙarfe ne mai kama da maƙalar biro, kuɗinsa bai kai dala 30 ba. A bindigata ƙirar Glock 19, cire murfin bayan bindigar ake yi a sa nasa, a ɗaure da ƙananan kusoshi. Minti biyar ya isa. Sai ka zura bindigar cikin wando, ƙarfen ya kama bel ko bakin wandon.

Kwanakin farko na ji daɗinsa sosai. Zafin Yuli a Houston ga gumi, kube yana ƙara kauri a kugu, wannan kuwa ko a ƙarƙashin riga mai shara-shara ba a ganewa. Abin da ya fi jan hankalina ranar Juma'a ce, don wandon kaftani mazagi gare shi, ba inda za ka rataya kube.

Matsalar a kunama take. Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa. Kariyarta tana jikin kunamar, duk abin da ya danne ta da nauyin kilo biyu da rabi ko makamancin haka, ta tashi. Kube mai tauri yana rufe wurin ruf. Maƙala kuwa a buɗe take barinsa, tsakanin fatarka da wando. Saboda haka na yi mako guda ina yawo da ita a gida ba harsashi ko ɗaya. Rana ta huɗu na tashi daga kujera, na duba, sai ga bakin mazagi ya shige cikin zoben kunamar ya naɗe. Ba ta danne ba. Amma na tsaya ina kallon igiyar nan, ina kallon inda bakin bindigar ya saita, daidai cinyata inda babbar jijiya ta bi, jikina ya yi sanyi.

Daga nan sai na riƙa ɗaukarta ba a ɗane ba, wato sai na sa hannu biyu kafin ta yi aiki. Ga nauyi kuma. Cike da harsasai 15 ta haura gram 800, wandon mazagi ba ya riƙe ta. Na tsuguna alwala ta karkace, na yi ruku'u ta zame ta yi sama. Sau ɗaya ta faɗo a kujerar mota. Gumi kuma kai tsaye yake taɓa ƙarfen, kullum sai na goge na shafa mai.

Uwargida ce ta yanke maganar. Ta ce, "Maigida, yaran nan da gudu suke rungume ka a kugu in ka dawo." Ban da amsa.

Akwai ɗan murfin roba mai igiya da ke rufe kunamar, in ka zaro ya fita da kansa. Wanda ya nace sai maƙala, kada ya ɗauki bindigar ba tare da wannan murfin ba. Ni dai na kwance ƙarfen na mayar da murfin asali, na sayi kube na Kydex, wato wata irin roba mai tauri, da aka ƙera daidai da samfurin bindigata, da bel mai ƙarfi. Ranar Juma'a kuma a akwatin ƙarfe nake kulle ta kafin in fita.