Llangollen ko Kennet da Avon: wace hanyar ruwa ta fi daɗi a watan Oktoba?

Siririn jirgin da ake yawo da shi a hanyoyin ruwan Birtaniya faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, gudunsa kuma ba ya wuce mil 4 a awa. Da kaka rana tana saurin faɗuwa, don haka tun a gida ake zaɓen hanya.

Kennet da Avon hanyar masu ƙarfi ce. Ƙofofin ruwa, wato wuraren da ake tare ruwa don ɗaga jirgi ko sauke shi daga wani mataki zuwa wani, fiye da 100 ne a kanta, kuma da hannu ake murɗa kowacce. A Caen Hill kusa da Devizes akwai 29, goma sha shida daga ciki a jere suke kamar matakala. Ka shiga da hantsi, kafin ka fita la'asar ta yi, hannu ya yi sanyi ƙalau.

Ni dai Llangollen ta fi kwanta mini a rai. Ƙofofinta 21 ne kacal, ga kuma Pontcysyllte, gadar da ke ɗauke da hanyar ruwan har jirgi ya bi ta kanta, wadda injiniya Thomas Telford ya kammala a 1805, mai tsayin mita 38 a saman kogin Dee. Gefe ɗaya ba shinge, ka leƙa daga wajen tuƙi sai ka hangi kan itatuwa sun yi ja da ruwan ɗorawa can ƙasa, hazo na tashi daga kwari, murhun gawayi na ɗumama cikin jirgi.

Ganyen da ke zuba yana naɗe farfela a hanyoyin biyu. Sai ka ɗan ja da baya ya saki, sannan ka ci gaba.